Abdurrahman Al-Sufi, Mutumin Da Ya Fara Rubuta Labarin Ɗan Gajimaren Da Ba Ya Gushewa

Akwai wani ɗan tabo fari-fari a sararin sama ta ɓangaren arewa, wanda ake gani da ido ba tare da wata na'ura ba, muddin dare ya yi duhu sosai kuma babu farin wata. Ba ya ƙyalli irin na tauraro. Kamar dai an dangwala garin alli a kan allo, an sa yatsa an ɗan shafe. Wanda ya fara ganinsa zai ce guntun gajimare ne, sai dai gajimare iska ke kora shi, shi kuwa wannan yana nan inda yake a tsakanin taurari, bana da baɗi. Masana na yau suna kiransa Andromeda, kuma shi ne abu mafi nisa da yawancin mutane za su iya gani da ƙwayar idonsu. Rubutu mafi tsufa da ya iso hannun mutane wanda ya ambaci wannan tabo, wani Musulmi ne ɗan ƙasar Farisa ya yi shi, wajajen shekarar 964 Miladiyya. Sunansa Abul Husaini Abdurrahman ɗan Umar, amma da Al-Sufi aka fi saninsa.

Kada sunan ya ruɗe ku, 'yan uwa, ba tarihin shehin ɗariƙa na kawo muku yau ba. Masanin taurari ne. Abin da ya sa na ɗauko shi kuwa, a littattafan kimiyya da muke karantar da yara da su, labarin sama yakan faro daga Girkawa, sai ya yi tsalle ɗaya ya dira kan Galileo, kamar a tsakani duniya barci ta yi na shekara dubu da ɗoriya. Yaron zango da ke karanta wannan yakan ɗauka cewa kimiyya kayan wasu ne, shi aro aka ba shi. A ɗaya gefen kuma muna da masu bugun ƙirji, waɗanda kullum zancensu shi ne Musulmi ne suka ƙirƙiro komai, amma ka ce su faɗi abu ɗaya tak da mutum ɗaya ya yi, sai a fara kame-kame. Ni dai na fi son a san mutum da aikinsa, har da inda aikin ya tsaya.

An haifi Al-Sufi a birnin Rayyu ranar 14 ga Muharram, shekara ta 291 bayan Hijira, daidai da 7 ga Disamba, 903. Rayyu a yau ta shige cikin kudancin Tehran, babban birnin Iran, amma a wancan zamani ita ce babba, tana kan hanyar fatake da ta haɗa Bagadaza da Khurasan. Duk malamin da kuka ji ana ce masa Ar-Razi, to asalinsa mutumin Rayyu ne. Shahararren likitan nan Abubakar Ar-Razi ɗan garin ne, kuma yana raye lokacin da Al-Sufi ke saurayi. Shi ma Al-Sufi ana liƙa masa wannan nasaba a wasu littattafai. Bafarishe ne, amma da Larabci ya yi rubutunsa, domin shi ne harshen ilimi daga Andalus har bakin Indiya.

Ya taso a lokacin da daular Abbasiyawa ta fara sukurkucewa. Halifa yana Bagadaza da sunansa da huɗubarsa, ƙarfi kuwa ya koma hannun sarakunan yaƙi na larduna. Daga cikin waɗannan akwai wasu 'yan uwa uku, Ali da Hasan da Ahmad, 'ya'yan wani mutum mai suna Buya daga duwatsun Dailam da ke kudu da Tekun Kasfiyan. Sun kama yammacin Farisa, a shekarar 945 kuma ƙaraminsu Ahmad ya shiga Bagadaza, halifa ya koma ƙarƙashin inuwarsu. Su ne ake kira Buwaihiyawa. Abin mamaki shi ne wannan rarrabuwar mulki ta yi wa ilimi rana. Kowane sarki yana son a ce fadarsa ta fi ta ɗan uwansa malamai da mawaƙa da littattafai, saboda haka masu ilimi suka sami wuraren zuwa da yawa.

Al-Sufi ya shiga wannan duniya ta hannun wazirin Hasan, wato Ibnul Amid, mutumin da ya shahara da adabi da son lissafi. A shekara ta 335 Hijira, wajen 946, Al-Sufi ya je garin Dinawar, bayan shekara biyu kuma yana Isfahan tare da wazirin. Zuwa Dinawar ɗin nan yana da daɗin ji. Garin wani babban malami ne, Abu Hanifa Ad-Dinawari (ba Imamin mazhaba ba fa, wani ne daban), wanda ya rasu wajen shekara hamsin kafin nan, ya kuma bar littafi a kan taurarin Larabawa. Dattawan garin sun gaya wa Al-Sufi cewa a kan soron gidansa malamin yake duban taurari shekara da shekaru. Ya ɗauke shi da girma ƙwarai. Da ya zo ya auna abin da ke littafin da abin da ke sama, sai ya tarar malamin ya ƙware wajen tattara maganganun Larabawa da waƙoƙinsu, amma a wurare da dama bai tantance taurarin da kansu ba. Ya faɗi haka ɓaro-ɓaro a gabatarwar littafinsa. Bai kuma ƙyale Al-Battani ba, duk da cewa shi ne gwanin lissafin falaki na ƙarnin da ya gabace shi.

Ɗan Hasan, wanda aka yi wa laƙabi da Adududdaula, shi ne ya zama ubangidan Al-Sufi kuma ɗalibinsa. An haife shi a 936, ya hau mulkin lardin Faris yana ɗan shekara 13, fadarsa tana Shiraz. Sarki ne mai zafin hannu, amma mai gini. Ya datse kogi kusa da Shiraz da madatsar da har yau ake kira Bandi Amir, ya tara babban ɗakin littattafai a fadarsa, daga baya da ya kama Bagadaza ya gina asibitin da ke ɗauke da sunansa. An ruwaito cewa yakan yi alfahari da malamansa, Abu Ali Al-Farisi a nahawu, Al-Sufi kuma a sanin taurari. Ko Al-Mutanabbi, sarkin mawaƙan Larabci, ya zo wannan fada a 965, aka kashe shi a hanyarsa ta komawa. Kun ga ke nan irin mutanen da ke zirga-zirga a Shiraz lokacin da Al-Sufi ke kammala littafinsa, wanda dama don wannan sarki ya rubuta shi.

To, wace matsala littafin ya zo warwarewa? A zamaninsa ilimin taurari kashi biyu ne, kuma kowane ɓangare bai san harshen ɗaya ba. Kashi na farko na masu lissafi ne, waɗanda suka gaji littafin Baɗlamus, masanin da ya zauna a Iskandariyya ta Masar a ƙarni na biyu Miladiyya. Littafinsa Almajisɗi an fassara shi zuwa Larabci tun ƙarni na tara. A ciki akwai jerin taurari dubu da ashirin da 'yan kai, an raba su cikin siffofi 48, kamar Zaki da Kunama da Babban Kare, kowane tauraro da lambobin matsayinsa da darajar haskensa. Masu wannan hanya sun iya jadawali, amma da yawansu kwafa kawai suke yi daga littafi zuwa littafi. Lambobin kuma da haruffan abjadi ake rubuta su, ɗigo ɗaya ya ɓace ko ya ƙaru, tauraro ya tashi daga inda yake ya koma wani wuri. Masu ƙera ƙwallon sama na tagulla su ma su ɗora kuskuren a kan ƙarfe, ba wanda ya fita waje ya ɗaga kai.

Kashi na biyu na Larabawan ƙauye ne, makiyaya da matafiya, waɗanda ba su san Baɗlamus ba amma sun san sama kamar tafin hannunsu. Suna da nasu sunaye da nasu siffofi, suna gane shigowar ruwa da sanyi da zafi ta fitowar wasu taurari da faɗuwarsu. Wannan ilimi ake kira anwa'i, kuma a cikinsa ne ake samun masaukan wata 28. Nan ne labarin ya taɓo mu kai tsaye, domin wannan lissafi ya iso ƙasar Hausa, ya kuma biyo malamai da fatake har zangunanmu. Duk wanda ya zauna kusa da tsohon malami mai sanin hisabi ya taɓa jin ana cewa yau tauraro kaza ya kama: Surayya, Dabaran, Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, har zuwa ƙarshe. Kowanne kwana 13, Jabha kaɗai ke da 14, a haɗa a sami kwana 365. Surayya ita ce Bahaushe ke kira kaza da 'ya'yanta. Sai dai, a gaskiya, yawancin masu haddace sunayen nan a wajenmu ba za su iya nuna maka ko biyar daga ciki a sama ba. Cutar da Al-Sufi ya gani a zamaninsa ke nan, ba ta canza ba.

Abin da ya yi shi ne ya zaunar da ɓangarorin biyu a tabarma ɗaya. Littafin, mai suna Suwarul Kawakibis Sabita, wato siffofin taurari tsayayyu, ya bi siffofi 48 na Baɗlamus ɗaya bayan ɗaya. A kowace siffa yakan fara da bayanin taurarinta kamar yadda shi ya gan su, ya nuna inda abin da ke rubuce ya saɓa wa abin da ke sama, ya ambaci taurarin da Baɗlamus bai lissafa ba. Sai ya kawo sunayen da Larabawa ke kiran waɗannan taurari, ya ce wannan suna na tauraro na kaza ne a jerin Baɗlamus. Sannan zane, sannan jadawali.

Zanen nan biyu-biyu ya yi shi, kuma a matsayina na mai koyarwa wannan ne ya fi burge ni a duk littafin. Ƙwallon sama na tagulla yana nuna taurari kamar mutum yana waje yana leƙen sama daga bayanta, saboda haka dama takan koma hagu. Ɗalibin da ya koya daga ƙwallo, in ya fita waje sai ya ga komai a juye, ya rikice. Al-Sufi ya zana kowace siffa sau biyu, ɗaya yadda take a kan ƙwallo, ɗaya yadda take a sama. Mutumin da ya yi wannan tunani ya taɓa tsayawa da ɗalibi a rikice a gabansa, ba shakka. Al-Biruni ya ruwaito cewa Al-Sufi takarda marar kauri yake shimfiɗawa a kan ƙwallon, ya bi zanen da alƙalami, sannan ya ɗora a littafi.

A wajen darajar haske ne ya fi sa ƙarfinsa. Tsarin da aka gada ya raba taurari daraja shida, ta ɗaya mafi haske, ta shida wadda da ƙyar ido ke kamawa. Al-Sufi ya sake duba su da idonsa, ya canza darajar masu yawa, yana bambanta wanda ya cika darajarsa da wanda ya ɗan fi ko ya ɗan gaza. Masanan da suka zo bayansa, har da Al-Biruni, sun dogara da wannan awo nasa.

Amma ga inda aikin ya tsaya. Bai sake auna matsayin taurarin ba. Lambobin Baɗlamus ya ɗauka, ya ƙara wa kowanne digiri 12 da minti 42, don ya dace da shekarar 964. Dalilin ƙarin shi ne taurari gaba ɗaya suna ɗan gusawa a hankali idan aka gwada su da wurin da rana take a ranar da dare da yini suke daidaita. Baɗlamus ya ce digiri ɗaya ne a shekara 100. Masanan zamanin Halifa Ma'amun suka ce a shekara 66, kuma da wannan Al-Sufi ya yi aiki. Awon yau ya nuna kusan shekara 72 ne, ke nan nasu ya fi na Baɗlamus kusa da daidai. Ko a inda ya ga lambar Baɗlamus ba ta yi daidai ba, yakan faɗa a cikin bayani, amma ya bar jadawalin yadda ya same shi. Wasu na ganin wannan ladabi ne ga magabaci. Ni ina ganin rabin gyara ne, kuma sai bayan shekara kusan 470 aka sami wanda ya ƙarasa shi a Samarƙand.

Yanzu mu zo kan ɗan gajimaren. A cikin siffofin Girkawa akwai wata mace da tatsuniyarsu ta ce an ɗaure ta da sarƙa a bakin teku, ita ce Andromeda, Larabawa suka fassara ta Al-Mar'atul Musalsala. Su kuwa Larabawan ƙauye, a daidai wannan wuri ba mace suke gani ba, babban kifi suke gani, wanda layuka biyu na taurari suka zagaye. Tauraro mai ɗan ja da ke gefen cikin kifin shi ne Baɗnul Hut, cikin kifi ke nan, wanda malamanmu ke lissafawa a masaukan wata. Turawa na kiransa Mirak. Da Al-Sufi ya zo bayanin inda layukan kifin suka faro, sai ya ce daga wani tabo ne mai kama da gajimare, wanda ke manne da tauraro na 14 na siffar matar. A wasu kwafin littafin an zana matar da kifi kwance a jikinta, a gaban bakin kifin kuma an yi 'yan ɗige-ɗige.

Iyakarta ke nan. Bai ce ya gano wani sabon abu ba, bai yi masa dogon sharhi ba, alama ce kawai ya kafa don mai karatu ya gane bakin kifi. Yadda ya ambace shi ma yana nuna abu ne da masu kallon sama suka riga suka sani. Bai san mene ne ba, kuma babu wanda zai iya sani a lokacin. Darajarsa ita ce Baɗlamus bai ambaci tabon ba ko kaɗan, shi kuwa bai ce tunda babu a littafi to babu a sama ba. Haka ya ambaci wani ɗan gungun taurari mai hazo-hazo da har yau wasu ke kira gungun Al-Sufi.

Mai son ya gani da idonsa, daga ƙasar nan ba wuya. Lokaci mafi kyau shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, bayan ruwa ya ɗauke, kafin ƙurar hunturu ta rufe sama. A tsakiyar Nuwamba wajen ƙarfe tara na dare yana kan ƙololuwarsa, digiri hamsin da 'yan kai sama da doron ƙasa, ko a Ankara kake ko Kumasi ko Tamale. Ka fuskanci arewa. Za ka ga taurari biyar masu siffar harafin M, waɗanda Larabawa ke gani a matsayin hannu mai lalle. Can sama kusa da tsakar ka kuma akwai manyan taurari huɗu masu kusurwa huɗu, su ne bakin guga a wajen Larabawa, Far'ul Muƙaddam da Far'ul Mu'ahhar na lissafin malamai. Daga kusurwar gugan ta arewa maso gabas ka bi layin taurari zuwa gabas, na biyu shi ne Baɗnul Hut. Daga shi ka gangaro wajen harafin M, tauraro ɗaya, tauraro biyu, tabon yana gefen na biyun. A Nima ko Aboabo fitilu sun yi yawa, sai dai ranar da aka ɗauke wuta. Mutanen Salaga da Yendi da ƙauyukan Bawku sun fi mu sa'a a nan. A ajiye waya kamar minti ashirin ido ya saba da duhu, kuma a ɗan kalli gefensa maimakon tsakiyarsa, ya fi fitowa.

Al-Sufi bai tsaya a littafi ɗaya ba. Daga 969 ya jagoranci awon tsayin rana a Shiraz da wani babban zobe na ƙarfe da sarki ya sa aka ƙera, tare da masana irin su Al-Kuhi da As-Sijzi, suka sami karkatar hanyar rana digiri 23 da minti 35. Ya rubuta littafi mai ɗaruruwan babi a kan usɗurlabi, na'urar tagulla da ake gane lokaci da tsayin taurari da ita, har da lokutan salla. Ya ƙera wa sarkin ƙwallon sama na azurfa, wanda aka ruwaito an gan shi a ɗakin littattafan Alƙahira a 1043. Ya kuma rubuta littafi a kan hukuncin taurari, wato duba, kamar yadda yawancin masanan fada na zamanin suka yi, domin sarakuna na biyan kuɗi a kan haka. Ba zan ɓoye wannan don in gyara masa suna ba. Abin lura dai shi ne wancan littafi ya kwanta a ɗakunan ajiya, wanda ya rayu shi ne na abin da ido ya gani.

Adududdaula ya rasu a Bagadaza a 983. Malaminsa ya bi shi bayan shekara uku, ranar 13 ga Muharram 376, daidai da 25 ga Mayu 986. A lissafin Hijira saura kwana ɗaya ya cika shekara 85. Ya bar ɗa wanda ya mayar da ilimin taurarin uban zuwa waƙe don sauƙin hadda, irin yadda malamanmu ke yi wa fiƙihu da nahawu.

Littafin ya yi tafiya fiye da mai shi. Nasiruddin Aɗ-Ɗusi ya fassara shi zuwa Farisanci a 1250. A Sifen, Sarki Alfonso na Goma ya sa an juya shi zuwa harshen ƙasarsa a cikin wannan ƙarni. Ulug Beg, jikan Taimur kuma sarkin Samarƙand, yana da kwafinsa mai ƙayatattun zane wanda yanzu ke Faris ta Faransa. Shi ne ya sake auna matsayin taurarin da kansa a jadawalinsa na 1437, amma guda 27 da ba a hango su daga Samarƙand saboda sun yi kudu da yawa, daga Al-Sufi ya ɗauko su. A 1515 mai zanen nan na Jamus, Albrecht Dürer, ya buga taswirar sama, ya sa hotunan masana huɗu a kusurwoyinta, ɗaya mai rawani da sunan Azofi, wato yadda bakin Turawa ya iya faɗin As-Sufi. Akwai rami a doron wata da ke ɗauke da wannan suna har yau. An buga fassarar Faransanci a 1874, an kuma buga asalin Larabcin a Haidarabad ta Indiya a 1954.

Duk da haka, ɗan gajimaren ya ɓace wa Turawa a hanya. A Disambar 1612 wani Bajamushe, Simon Marius, ya kalle shi da madubin hangen nesa, ya kwatanta shi da hasken kyandir da ake hangowa ta cikin ƙaho. Da Charles Messier na Faransa ya sa shi a jerinsa a 1764 da lamba 31, Marius ya ba wa ganowar. Shi ya sa ake kiransa M31. Tsakanin Al-Sufi da Marius shekara 648 ne.

Sanin ko mene ne shi ya ɗauki wasu shekaru ɗari uku. A 1845 Lord Rosse, da ƙaton madubinsa a Ailan, ya lura cewa wani tabo makamancinsa, M51, a naɗe yake kamar ɗinkin faifai, ya faro daga tsakiya yana zagayowa waje. A 1888 hoton da Isaac Roberts ya ɗauka a Ingila ya nuna Andromeda ma haka yake, faifai ne da muke hango shi a karkace, shi ya sa yake da tsawo kamar ƙwai. Sai gardama ta tashi: waɗannan faya-fayai hayaƙi ne a cikin namu garken taurari, ko kuwa kowanne garke ne mai zaman kansa a can nesa? Har muhawara aka yi a kai a Washinton a 1920, ba a rabu da matsaya ba. Mabuɗin ya fito daga aikin wata mata, Henrietta Leavitt, wadda ta gano cewa akwai wasu taurari da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida, kuma tsawon lokacin da suke ɗauka yana nuna ainihin ƙarfin haskensu. In ka san ƙarfin fitila, ka ga yadda ta dushe a idonka, ka san nisanta. A Oktoban 1923 Edwin Hubble ya sami irin wannan tauraro a cikin Andromeda, da madubi mai faɗin inci 100 da ke Dutsen Wilson a Kalifoniya. Lissafinsa ya ba shi nisan da haske zai yi shekara kusan 900,000 yana tafiya. Ya gaza ainihin nisan sosai, amma ya isa ya nuna cewa abin yana wajen garkenmu.

Awon yau ya kai shi shekarar haske miliyan biyu da rabi. Haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, daga rana zuwa nan minti takwas da 'yan kai yake yi. Wanda ya shiga idon Al-Sufi a Shiraz da wanda zai shiga naka bana kusan tafiyarsu ɗaya, shekara dubun da ke tsakaninku ba ta kai ko kashi ɗaya cikin dubu biyu na hanyar ba. Tabon galaksi ne, garke mai taurari da aka ƙiyasta sun kai tiriliyan ɗaya. Abin da ido ke kamawa tsakiyarsa ce kawai, a hoto faɗinsa ya kai na wata shida a jere. Mu ma a cikin irin wannan faifai muke zaune, farin zanen nan da ke ratsa sama a daren duhu, wanda Larabawa ke kira Majarra, gefensa ne muke gani daga ciki.

Yana da maƙwabta a saman arewa. In ka koma Baɗnul Hut ka bi ɗaya gefen, kusan nisa ɗaya da na Andromeda, akwai M33, ƙaramin faifai mai nisan shekarar haske kusan miliyan uku. Sai mai kaifin ido a wuri mai duhu ƙwarai ke ganinsa, amma madubin hannu mai ido biyu yana kamo shi. Kusa da taurari bakwai da Larabawa ke kira Banatu Na'ash, waɗanda suka fi tashi sama da dare a watannin Maris zuwa Mayu, akwai M81 mai nisan miliyan 12, da M101 da M51 da suka haura miliyan 20. Waɗannan sai da na'ura.

A 1970 Vera Rubin da Kent Ford sun auna yadda Andromeda ke juyawa, suka tarar gefensa yana gudu fiye da yadda nauyin abin da ake gani zai iya riƙewa, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan hujjojin cewa akwai wani abu mai nauyi da ba ya ba da haske. Kuma tun 1912 Vesto Slipher ya gano cewa tabon yana matsowa wajenmu. Tsakaninsa da garkenmu tazarar tana raguwa da kimanin kilomita 110 a kowace daƙiƙa. An daɗe ana cewa za su haɗu nan da shekara biliyan huɗu zuwa biyar, amma wani lissafi da aka fitar a 2025, wanda ya sa jan da M33 da wani ƙaramin garke na kudu ke yi, ya ce yiwuwar haɗuwar cikin shekara biliyan goma masu zuwa rabi da rabi ce.